Yadda Ɗigo Biyu Za Su Gaya Maka Ranar Da Datarka Za Ta Ƙare

Idan ka shiga saitin batir a wayarka ta Android, za ka ga wani zane mai gangarowa daga hagu zuwa dama, a kusa da shi kuma an rubuta cewa saura awa kaza cajin ya ƙare. Idan kana sauke fim, burauza takan nuna maka saura minti kaza. Wayar ba duba take yi ba. Tana auna abu a lokaci biyu, ta ga saurin da yake canzawa, sannan ta ja miƙaƙƙen layi zuwa gaba ta ga inda zai faɗa. Wayoyin yanzu suna ƙara wasu dabaru a kai, kamar lura da yadda ka saba amfani da su, amma tushen tunanin ke nan.

Wannan shi ne lissafin da aka koya mana a sakandare, wanda yake fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, wato y = mx + c. Da yawanmu mun haddace shi ne don jarrabawa, muka watsar da shi a ƙofar aji. A yau za mu ɗauko shi mu sa shi aiki. Kafin ka gama karanta wannan darasi za ka iya gano ranar da datarka za ta ƙare, lokacin da wayarka za ta mutu, da kuɗin da ake ɓoye maka a cikin farashi. Abin da kake buƙata lamba huɗu ne da kalkuletar da ke cikin wayarka.

Kafin mu shiga, duk inda na ce layi a nan ba layin kira nake nufi ba. Miƙaƙƙen layi nake nufi, irin wanda ake ja da rula.

Mene ne ɗigo?

Ɗigo lamba biyu ne da suke tafiya tare. Ta farko ana kiranta x, ta biyu kuma y, ana rubuta su a cikin baka kamar haka: (2, 80). A kan takardar zane, x yana nuna nisan da za ka yi zuwa dama a kan layin kwance, y kuma yana nuna hawan da za ka yi sama a kan layin tsaye. Inda layukan biyu suka haɗu shi ne (0, 0).

Wannan dabara ta bayyana wuri da lambobi ana danganta ta ga wani masani ɗan ƙasar Faransa, Rene Descartes, wanda ya wallafa aikinsa a kanta a shekarar 1637. Shi kuma lissafin nemo adadin da ba a sani ba, wato aljabara, ya samo sunansa ne daga littafin Muhammad bn Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Daga sunan malamin kansa aka samo kalmar algoridim da masu rubuta manhaja ke amfani da ita kullum.

Abu mai muhimmanci shi ne ba dole ba ne x da y su zama wuri. Za su iya zama kowane abu biyu da ɗaya yake canzawa idan ɗayan ya canza. A al'ada, x shi ne abin da yake tafiya da kansa ko wanda kai kake zaɓa, kamar lokaci ko nisa. Shi kuma y shi ne abin da yake biyo baya, kamar yawan caji, ragowar data, ko kuɗi.

Mu ɗauki misali. A ce da ƙarfe 2 na rana ka duba wayarka ka ga caji kashi 80. Da ƙarfe 5 na yamma ka sake dubawa ka ga kashi 56. Idan muka ce x shi ne yawan awannin da suka wuce bayan sha biyun rana, y kuma caji, to mun sami ɗigo biyu: (2, 80) da (5, 56). Ɗigo biyu kuwa sun isa, domin miƙaƙƙen layi ɗaya tak ne zai iya ratsawa ta kansu su duka.

Karkatar layi

Abu na farko da za mu nema shi ne karkata. A aji malamai suna kiranta giradiyan, littattafan Amurka kuma suna ce mata silof, ana wakiltarta da harafin m. Tambaya ɗaya take amsawa: idan x ya ƙaru da ɗaya, da nawa y zai canza?

Ga yadda ake samunta:

m = (y2 − y1) ÷ (x2 − x1)

Wato ka cire y na farko daga y na biyu, ka cire x na farko daga x na biyu, sannan ka raba amsar farko da amsa ta biyu. A misalinmu:

Canjin caji: 56 − 80 = −24
Canjin lokaci: 5 − 2 = 3
m = −24 ÷ 3 = −8

Ma'anar −8 ita ce wayar tana cin kashi 8 na caji a kowace awa. Alamar debewa da ke gabanta, wadda muke kira mainos, tana nuna cewa abin raguwa yake yi. Da an sa wayar a caji ne, da amsar ta fito babu mainos.

Karkata iri huɗu ce, kuma kowacce tana da ma'ana a waya. Idan ba ta da mainos, layin hawa yake yi, kamar fayil da kake saukewa. Idan tana da mainos, layin gangara yake yi, kamar batir ko data. Idan sifili ce, layin a kwance yake, babu abin da ke canzawa, kamar saukewar da ta tsaya cak saboda netiwok ya ɗauke. Na huɗun shi ne layin da yake a tsaye, inda x1 da x2 suke daidai. A nan ƙasan lissafin zai zama sifili, kuma ba a raba lamba gida sifili, don haka layin tsaye ba shi da karkata. Za mu dawo kansa idan mun zo wajen kod.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata ka kiyaye. Kowane ɗigo ka ga dama za ka iya ɗauka a matsayin na farko, amma duk wanda ka fara da shi a sama, da shi za ka fara a ƙasa. Idan ka yi 80 − 56 a sama, to 2 − 5 za ka yi a ƙasa, ka sami 24 ÷ −3, wato −8 ɗin dai. Wanda ya juya ɗaya ya bar ɗaya zai sami 8 babu mainos, lissafinsa ya ce batir ƙaruwa yake yi alhali ba a sa shi a wuta ba.

Sannan kada ka yar da ma'auni. Karkata koyaushe wani abu ce a kowane wani abu: kashi a awa, naira a kilomita, megabait a sakan. A ce kana sauke fayil, bayan sakan 10 an sauke MB 30, bayan sakan 30 an sauke MB 90. Karkata ita ce 60 ÷ 20, wato MB 3 a sakan. Kamfanonin sadarwa suna tallata sauri ne da megabit, kuma bait ɗaya bit 8 ne, saboda haka MB 3 a sakan daidai yake da megabit 24 a sakan. Shi ya sa lambar da ke jikin talla take fin wadda burauza ke nuna maka girma har ninki takwas.

Ikweshan ɗin layi

Karkata ta gaya mana sauri, amma ba ta gaya mana daga ina aka taso ba. Waya biyu za su iya cin kashi 8 a awa, ɗaya ta fara daga kashi 100, ɗayar daga kashi 40, kuma ba lokaci ɗaya za su mutu ba. Don haka muna buƙatar lamba ta biyu, wato c. Ita ce darajar y a lokacin da x yake sifili, inda layin ya yanki layin tsaye. Mu kira ta mafari. A littattafan Amurka za ka ga b a madadin c, abu ɗaya ne.

Ikweshan jimla ce ta lissafi mai alamar daidai a tsakiya. Na miƙaƙƙen layi shi ne:

y = mx + c

Mun riga mun san m = −8. Don samun c, ɗauki ɗaya daga cikin ɗigon biyu ka zuba a ciki. Mu ɗauki (2, 80):

80 = (−8 × 2) + c
80 = −16 + c
c = 96

Ikweshan ɗinmu ya zama y = −8x + 96. Yanzu gwada shi da ɗigon da ba ka taɓa ba, wato (5, 56): −8 sau 5 ya ba da −40, a tara da 96 ya ba da 56. Ya yi daidai. Wannan gwaji ba ya ɗaukar sakan goma, kuma shi ne yake kama yawancin kurakuran alama, a jarrabawa ko a cikin manhaja.

Da wannan ikweshan za ka iya yin tambaya iri biyu. Ta farko, ka ba shi lokaci ya ba ka caji. Da ƙarfe 8 na dare x = 8, don haka y = −64 + 96 = 32. Cajinka zai kasance kashi 32. Ta biyu, ka ba shi caji ya ba ka lokaci. Yaushe wayar za ta kai kashi 20, inda ya kamata ka fara neman soket?

20 = −8x + 96
8x = 76
x = 9.5

Ƙarfe tara da rabi na dare ke nan. Idan kuma ka sa y = 0, za ka sami x = 12, wato sha biyun dare wayar za ta mutu. Wanda yake kan hanyar Kano zuwa Legas a mota, ko wanda unguwarsu ba a kawo wuta ba, ya san amfanin sanin wannan tun da la'asar.

Akwai wata hanyar rubuta ikweshan ɗin da take rage wahala: y − y1 = m(x − x1). Ka zuba karkata da ɗigo ɗaya kai tsaye: y − 80 = −8(x − 2). Idan ka buɗe bakan za ka sami y − 80 = −8x + 16, wato y = −8x + 96. Amsa ɗaya ce, sai ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka.

Ranar da data za ta ƙare

A nan ne lissafin ya shafi aljihu. A ce ka sayi data GB 10 ta wata guda, kwana 30. A rana ta 4 ka duba ragowa ka ga GB 8.4. A rana ta 10 ka ga GB 6. Ɗigonka su ne (4, 8.4) da (10, 6).

m = (6 − 8.4) ÷ (10 − 4) = −2.4 ÷ 6 = −0.4

Kana cin GB 0.4 a kullum. Mafari kuma: 6 = (−0.4 × 10) + c, wato c = 10, wanda ya yi daidai da abin da ka saya. Ikweshan: y = −0.4x + 10. Sa y = 0, ka raba 10 da 0.4, za ka sami 25. Datar da ka saya don kwana 30 za ta ƙare a rana ta 25. Ko dai ka sake sayen wata, ko ka yi kwana biyar babu intanet.

Amfanin sanin haka a rana ta 10 shi ne akwai sauran lokacin gyara. Juya lissafin. Ɗigon da kake kai yanzu shi ne (10, 6), ɗigon da kake so ka isa kuma shi ne (30, 0). Karkatar layin da zai haɗa su ita ce −6 ÷ 20 = −0.3. Ma'ana kada ka wuce kimanin MB 300 a rana daga yau. Ragin da ake nema kimanin MB 100 ne a kullum, wanda za ka iya samu ta hanyar kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, da rage ingancin bidiyo a YouTube, da hana Play Store sabunta manhajoji sai a kan Wi-Fi.

Ka lura da mafarin nan da kyau, domin yana iya tona wani asiri. Da lissafin ya ba ka c = 8.5 alhali GB 10 ka saya, to alama ce cewa a kwanakin farko an ci data da saurin da ya fi na yanzu, wataƙila wata babbar sabuntawa ta sauka ba ka sani ba. Shiga saitin amfani da data ka ga manhajar da ta cinye.

Kuɗin da ba a faɗa maka ba

Yawancin farashin da ya danganta da nisa ko lokaci gida biyu ne: kuɗin da za ka biya ko da ba a motsa ba, da kuɗin da yake ƙaruwa a kowace kilomita. Na farkon shi ne c, na biyun shi ne m. Sau da yawa jimilla kawai ake nuna maka, amma da farashi biyu za ka iya warware ta.

A ce kana sayar da kaya ta intanet, wani mai kai saƙo a babur ya karɓi ₦900 a tafiyar kilomita 3, ya kuma karɓi ₦1,700 a tafiyar kilomita 7. Ɗigo: (3, 900) da (7, 1700). Karkata ita ce 800 ÷ 4 = 200. Mafari: 900 − 600 = 300. Farashinsa ke nan y = 200x + 300, wato ₦300 kuɗin tashi, da ₦200 a kowace kilomita.

A ce kuma akwai na biyu, wanda lissafinsa ya fito y = 150x + 600. Wa ya fi sauƙi? Ya danganta da nisa. Daidaita ikweshan biyun ka ga inda layukansu suka haɗu:

200x + 300 = 150x + 600
50x = 300
x = 6

A kilomita 6 dukkansu ₦1,500 za su karɓa. Ƙasa da haka na farko ya fi araha, sama da haka na biyu. Da karkatarsu ɗaya ce, da layukan ba za su taɓa haɗuwa ba, mai ƙaramin mafari zai fi araha ko ina za a je.

A kan fuskar waya lissafin juyewa yake yi

Fuskar wayarka ita ma takardar zane ce. Waya mai fuska 1080 × 2400 tana da ƙananan ɗigon haske, wato fiksel, guda 1080 a kwance da 2400 a tsaye. Duk inda yatsarka ta taɓa, tsarin wayar yana miƙa wa manhaja x da y na wurin.

Sai dai akwai bambanci da abin da aka koya mana a aji, kuma duk mai son koyon rubuta manhaja ya riƙe shi. A Android da shafukan intanet, (0, 0) yana kusurwar sama ta hagu ne, kuma y yana ƙaruwa ne idan ana sauka ƙasa. A ce ka ɗora yatsa a (200, 1800) ka ja ta zuwa (500, 600). Karkata ita ce (600 − 1800) ÷ (500 − 200) = −1200 ÷ 300 = −4. A takardar makaranta −4 gangara ce, amma a fuskar waya yatsar sama ta yi.

Da irin wannan lissafi manhaja take gane ko gefe ka ja ko sama. Idan girman karkata, ba tare da duba mainos ba, ya fi 1, motsin ya fi kusa da tsaye. Idan bai kai 1 ba, ya fi kusa da kwance. A aikace masu rubuta manhaja sukan kwatanta girman canjin x da na canjin y ne kai tsaye, ba sa rabawa, don gudun matsalar sifili idan yatsa ta tafi sama sak.

Zana layin kansa a kan fiksel ma aiki ne, domin babu rabin fiksel, sai an zaɓi waɗanda suka fi kusa da layin na gaskiya. Wani injiniyan kamfanin IBM, Jack Bresenham, ya ƙirƙiro hanyar yin haka a 1962 da cikakkun lambobi kawai, aka wallafa ta a 1965, kuma har yau ana koyar da ita ga masu karatun zanen kwamfuta.

Bari waya ta yi maka lissafin

Idan kana da manhajar Pydroid 3 ko Termux, ga kod ɗin Python da zai karɓi ɗigo biyu ya ba ka m da c:

```
def ikweshan(x1, y1, x2, y2):
    if x1 == x2:
        return None
    m = (y2 - y1) / (x2 - x1)
    c = y1 - m * x1
    return m, c

print(ikweshan(2, 80, 5, 56))
```

Zai fito maka da (-8.0, 96.0). Dubi sharaɗin da ke farkon kod ɗin, wanda yake duba ko x1 da x2 daidai suke. Idan babu shi, aka ba shi layin tsaye, Python zai tsaya ya nuna ZeroDivisionError. JavaScript kuwa ba zai tsaya ba, zai ba da Infinity ya ci gaba da aiki, wanda ya fi haɗari tunda matsalar ba za ta fito fili da wuri ba. Layin tsaye yana da nasa ikweshan mai sauƙi: idan ya ratsa ta (4, 1) da (4, 9), ikweshan ɗinsa x = 4 ne. Na kwance kuma, kamar wanda ya ratsa (1, 7) da (6, 7), y = 7 ne.

Wanda ba ya son kod, Google Sheets ko Excel na waya sun wadatar. Rubuta lambobin x a jerin A, na y a jerin B, sannan ka rubuta =SLOPE(B1:B2, A1:A2) don karkata, da =INTERCEPT(B1:B2, A1:A2) don mafari. Ka kula, jerin y ne yake fara zuwa kafin na x. Idan kana son ganin layin da idonka, manhajojin Desmos da GeoGebra kyauta ne, kana rubuta y = −8x + 96 za su zana maka shi nan take.

Inda layi yake yaudara

Miƙaƙƙen layi yana ɗaukar cewa saurin da ka auna ba zai canza ba. Matuƙar haka ne, hasashensa zai yi daidai. Da zarar saurin ya canza, sai ka sake awo.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ɗigo na uku. Ikweshan ɗinmu na batir ya ce da ƙarfe 6 caji zai kasance −48 + 96, wato kashi 48. Idan ka duba ka ga 48 ko 47, layin yana nan daram. Idan ka ga 40, wani abu ya canza, ko ka kunna wasa, ko ka buɗe wa wani hotsifot, ko netiwok ya yi rauni wayar tana ta nema. Ɗauki ɗigo biyu na baya-bayan nan ka sake lissafi.

Akwai kuma abubuwan da tun asali ba sa tafiya a miƙe, caji ne babban misalinsu. A ce wayarka ta tashi daga kashi 20 zuwa 50 a minti 20. Karkata kashi 1.5 ce a minti, layi kuma zai ce za ta cika a kimanin minti 53. Za ta wuce haka. Batirin litiyam yana karɓar wuta da sauri a farko, amma idan ya doshi kashi 80 sai tsarin caji ya rage ƙarfin wutar don kare shi. Shi ya sa tallan caja mai sauri yakan ambaci lokacin da za ta kai kashi 50 ko makamancinsa. Layi yana da aminci a tsakanin ɗigon da ka auna da ɗan gaba kaɗan, amincinsa kuma yana raguwa gwargwadon nisan da ka kai shi.

To idan ɗigonka sun fi biyu kuma ba su jeru daidai ba fa? A ce ka auna batir sau huɗu: (1, 90), (2, 83), (3, 73), (4, 66). Awa ta farko an ci 7, ta biyu 10, ta uku 7. Babu miƙaƙƙen layin da zai taɓa su duka, don haka ana neman wanda ya fi kusa da su baki ɗaya. Ana auna tazarar kowane ɗigo daga layin, a ninka kowace tazara da kanta, a tara, sannan a zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Masanin lissafi ɗan Faransa Adrien-Marie Legendre ne ya fara wallafa wannan hanya a 1805, Carl Friedrich Gauss na Jamus ya wallafa nasa bayanin a 1809. Ita ce SLOPE da INTERCEPT suke amfani da ita. Zuba lambobin nan huɗu za ka sami m = −8.2 da c = 98.5. Wannan dabara ta neman layin da ya fi dacewa tana cikin darussan farko da ake koya wa masu shiga fannin ƙirƙirarriyar basira.

Gwada da kanka

Ga aiki uku. Yi su a takarda kafin ka kalli amsa.

1. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salsiyos, wanda ya yi daidai da 32 a ma'aunin Faranhait. Yana tafasa a 100, wato 212 a Faranhait. Nemo ikweshan ɗin da manhajar yanayi take bi wajen juya Salsiyos zuwa Faranhait, sannan ka juya digiri 40.

2. Nemo karkata da ikweshan ɗin layin da ya ratsa ta (−2, 7) da (4, −5).

3. Ma'ajiyar wayarka tana da ragowar GB 20 a mako na 2, da GB 14 a mako na 6. A mako na nawa za ta rage GB 5?

Amsa ta farko: ɗigon su ne (0, 32) da (100, 212), karkata 180 ÷ 100 = 1.8, mafari 32, ikweshan y = 1.8x + 32, digiri 40 kuma ya zama 104. Ta biyu: −12 ÷ 6 = −2, mafari 3, ikweshan y = −2x + 3. Wurin da ake zamewa shi ne 4 − (−2), wanda 6 ne. Ta uku: karkata −1.5, mafari 23, amsa mako na 12.

Bayan waɗannan, yi na gaske. Duba ragowar datarka yau ka rubuta, ka sake dubawa bayan kwana uku a daidai wannan lokaci, ka nemo m da c, ka ga ko za ta kai ka ƙarshen wata. Idan ba za ta kai ba, ja layi daga inda kake zuwa ranar da za ta ƙare a ƙa'ida, karkatar da ka samu ita ce kasonka na kullum.